Saƙon da Na Kai Manga Na Dawo da Shi

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa a madadina: ni mai hassada ne. Ba irin wadda mutum ke binnewa a ciki yana murmushi ba. Tawa a fuska take fita, ta hana ni cin tuwo. Kuma duk tsawon rayuwata ba wanda na yi wa ita kamar wani mutumin ƙauyen Manga da muka zauna benci ɗaya a ajin kemistiri, shekararmu ta farko a kwaleji.

Ga yadda abin yake. A kwalejin da na yi a nan Zuru, duk ɗalibin aikin gona sai ya yi kemistiri a shekarar farko, yana so ko ba ya so. Bayan nan ake raba mutane sassa. Sashen lafiyar dabbobi shi kowa ke rububi, gurabensa kuma kaɗan ne, don haka da makin kemistiri ake tace mutane. Ka tsaya a sama ka shiga, ka zame a tura ka inda ake da sauran wuri.

Mahaifina kuwa shanun turka yake kiwo a bayan gidanmu a unguwar Rikoto. Zai sayo sa ramamme, ya ɗaure, ya yi ta ba shi dusa da harawa har ya yi sheƙi, sannan ya kai kara. Shekara da shekaru yana shan wuyar neman mai duba dabbobi. Sa ya ƙi cin abinci da safe, a aika, mai dubawa ya iso bayan la'asar, ko ma sai washegari. Sau biyu muna rasa sa a haka, ina kallon Baba yana tsaye a kan gawar dabba. Shi ya sa da na samu gurbin karatu, babu dillalin da bai ji daga bakinsa ba cewa ɗansa zai zama mai duba dabbobi, wahala ta ƙare. Ni ma ban hana shi ba. Me zai sa in hana? A sakandare ban taɓa sauka ƙasa da na biyu ba, kuma ban taɓa buɗe littafi ba sai ana saura mako jarrabawa. Malamai na cewa ɗan baiwa ne, ni kuma na yarda da su ɗari bisa ɗari.

Malamar kemistiri 'yar soja ce, a bariki ta tashi, kuma ko ba a gaya maka ba tafiyarta za ta gaya maka. Ranar farko ba ta koyar da komai ba. Ta tsaya ta jero mana abin da take so daga gare mu. Ta ce kowa ya karanta darasi kafin ya shigo aji, ko da bai gane ba. Ta ce awa ɗaya a gabanta, awa biyu kai kaɗai da biro. Ta ce kemistiri ba labari ba ne da za ka saurara ka gyaɗa kai, lissafi ne, wanda bai yi da hannunsa ba bai iya ba, ko da ya ga an yi a allo sau goma. Littafin ɗakin gwaje-gwaje da biro za a rubuta shi, ba gogewa, ba yage shafi, in ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya ka bar shi ana gani. Gwaji uku za ta yi kafin babbar jarrabawa, na ukun ya fi nauyi. Ta rufe da cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Na yi hamma. Duk malami haka yake cewa.

A gefena kuwa wani ƙato ne yake ta rubutu, kamar ana karanta masa wasiyya. Ya girme ni da aƙalla shekara bakwai. Biron ya ɓace cikin hannunsa, tafin hannun nan duk kanta, ya yi tauri kamar diddige. Har "ba yage shafi" sai da ya rubuta. Da aka tashi ya juyo ya miƙo mini hannu, ya ce shi daga Manga yake, a wurin kawunsa tsohon soja yake zaune a cikin gari, ƙarshen mako ya koma gida. Hausarsa ta mutanen dutse ce, wadda aka koya a kasuwa bayan an yi wayo da yarensu na C'lela. "Malama ya ce" yake faɗi, ba ruwansa da mace ko namiji. Daga ranar ya laƙaba mini "ƙanena", ni ban roƙa ba.

Da farko ai daɗi na ji. Da Malama ta shiga maganar mol, wato ma'aunin da ake auna sinadarai da shi, rabin aji ya yi tsuru-tsuru. Mutumin Manga ya biyo ni har gindin mangwaron da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje.

"Ƙanena, wannan mol, mene ne shi? Na karanta sau uku, kaina ya ƙi."

Na gyara tsayuwa, don akwai 'yan mata biyu kusa. Na ce, "In ka je sayen dawa, ƙwaya-ƙwaya kake ƙirgawa?"

"A'a, mudu ne."

"To, su ma waɗannan abubuwan sun yi ƙanƙanta a ƙirga su. Mol mudunsu ne. Sai dai shi wannan mudun, yawan ƙwayar ne ba ya sauyawa. Nauyin kuwa kowane da nasa."

Ya buɗe baki, ya tafa hannu, ya ce wallahi Allah ya yi mini kai. Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Gwajin farko ya zo, na yi dare biyu ina haddace, na fito na biyu a aji. Shi kuwa sai ka gangara can ƙasan takardar kafin ka ga lambarsa. Na dafa kafaɗarsa na ce ya yi haƙuri, kowa da inda Allah ya ba shi. Da gaske nake, tausayinsa nake ji. Tausayi abu ne mai daɗi in kai ne a sama.

Bai damu ba ko kaɗan. Ya ari takardata, ya zauna gindin mangwaron nan, duk tambayar da ya faɗi ya sake yin ta, ya rufe amsar ya sake, ya kuma sakewa. Daga nan abin ya zama masa farilla. Kullum aka tashi daga aji, yana can da tambayoyi goma daga bayan littafi. Ba tara ba, ba sha ɗaya ba. Yana kiransu kuyyoyi, kamar kuyyar gona. "Yau saura mini kuyya huɗu," haka zai ce in ka kira shi cin wake da shinkafa. Ba da jimawa ba ya tara wasu mutum huɗu, duk irinsa masu jan ƙafa a karatu, suka kafa doka: ba mai tashi sai na baya ya gama tasa kuyyar. Ya gayyace ni sau uku. Na ce ni ba na karatun gayya.

Wata rana na tsaya a kansu ina tsokana. Na ce, "Kai, abokina, gwaji fa sai wata mai zuwa. Wa ke korar ka?"

Ya yi dariya ya ce ni ban yi golmo ba, shi ya sa. Na san golmo kamar yadda duk ɗan Zuru ya san shi: al'adar mutanensu ce, saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar uban yarinyar da yake so, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. Amma daga nesa na san shi, ban taɓa zama da wanda ya yi ba. Shi ya yi. Yanzu da yawa sun daina, shi surukinsa tsoho ne mai riƙo, ya ce sai an yi. Ya gama, an ba shi matarsa, har da 'yarsu ɗaya, sannan ya dawo makaranta.

Ya ce, "Surukina ba ya cewa gobe zan zo duba gona. Sai dai ka ɗago kai ka gan shi tsaye da sanda. In ka bar ciyawa a tsakiya ka gyara bakin hanya, tsakiyar zai shiga. To, ni na saba. Kullum ina ɗauka yau zai zo."

Na ce, "Malama dai ba surukarka ba ce." Aka yi dariya, har da shi. Na tafi ina jin na ci.

A ɗakin gwaje-gwaje aka fara kunyata ni. Akwai wani aiki da ake ɗiga ruwan sinadari daga doguwar kwalba mai famfo zuwa cikin wata, ɗigo-ɗigo, kana kaɗawa, har launin ya juya ya zama ruwan hoda mai haske. Daidai nan za ka rufe famfo ka karanta lamba. Sau uku ake yi. Ni ina da wannan haƙurin? Na buɗe famfo, ruwa ya zuba, abu ya yi jawur kamar zoɓo. Na duba hagu, na duba dama. Tunda na san amsar da ake nema, sai na yi lissafi da baya, na ƙirƙiro lambobi uku masu kyau, na rubuta su tsaf. Na riga kowa gamawa, na harɗe hannu. Mutumin Manga kuwa ya durƙusa, idonsa daidai da kwalba, harshe a waje, yana sakin ɗigo ɗaya yana jira. Sau biyar ya yi, don biyun farko sun ɓaci.

Malama ta zo ta ɗauki littafina. Ta daɗe tana kallo. Ta kalli kwalbata mai ruwan zoɓo, wadda na manta ban zubar ba.

"Littafinka ya cika tsabta," ta ce. Shi ke nan abin da ta ce.

Ta wuce ta ɗauki nasa, duk layuka an ja a kan kuskure, ga tabon ruwa a gefe. Ta ɗaga shi sama ta ce kowa ya matso ya ga yadda littafin mai aiki yake. Aka yi masa tafi. Tafi fa! A kan ƙazanta! Shi kuma ya tsaya yana sosa ƙeya kamar an kama shi da laifi, wannan sosa ƙeyar ma haushi ta ƙara mini. Da ya yi taƙama da na samu abin riƙewa.

Gwaji na biyu ya sha gabana da maki uku. Na tsaya gaban allon sanarwa ina bin layin da yatsa, ko idona ne. Ba idona ba ne. Mutumin da na koya wa mol da mudu! Ran nan Inna ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, na yi loma biyu na ture. Ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce eh. Ai zazzaɓin ne, sai dai ba na sauro ba.

Abin da na riƙa faɗa a lokacin, yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ai Malama yarensu ɗaya, me ake jira. Na ce wa ya san abin da suke cewa in ya bi ta ofis da tambayoyinsa. Na ce mutanen dutse ai ba a raba su da 'yan ƙulle-ƙulle. Duk na faɗa, a majalisar mai shayi, ana dariya. Alhali na sani sarai ofishin a buɗe yake ga kowa ranar Talata da Alhamis, ni ne girman kai ya hana ni zuwa, don kada a ce ɗan baiwa bai gane ba. 'Yan matan da a da ke kawo mini tambaya suka koma gindin mangwaro. In na wuce na ji suna cewa "yaya, duba mini wannan", sai in kau da kai in ƙara sauri.

Na gwada hanyarsa a ɓoye, kar ku ce ban gwada ba. Na shige ɗaki bayan azahar na ce ni ma goma zan yi. Ranar farko na yi goma. Ta biyu na yi shida, na duba amsar sauran a bayan littafi na ce ai na gane. Ta uku aka ce ana buga ƙwallo. A nan na gano abin da ya fi ƙona mini rai: kai na fi shi, wannan ko shi ya sani. Abin da yake da shi ba a aro, ba a haddacewa, kuma ba a yinsa a dare biyu.

Gwaji na uku, mai nauyin, an sa shi sai bayan mako biyu. Damina ta yi nisa, ciyawa ta taso wa mutane. Ranar Alhamis mutumin Manga ya nemi izinin Malama ya tafi gida, don surukinsa na kwance ba lafiya, gonarsa kuma na neman maimai, wato noma na biyu. Golmo ya ƙare tuni, ba wanda ya tilasta shi. Ya dai ce ba zai iya kallon gonar da ya yi shekaru a cikinta ta lalace ba. Zai dawo Litinin.

Ranar Juma'a Malama ta shigo ta ce tafiya ta kama ta, don haka ta matso da gwajin. Litinin ɗin nan za a yi, ƙarfe takwas. Aji ya kaure da "haba Malama!" Ba ta ko ɗaga kai ba. Sai ta kalli gurbin da ke gefena ta ce wa zai gaya wa wancan. 'Yan ƙungiyarsa suka ce sun kira wayarsa, ba ta shiga, gidansu bayan dutse yake, ba sabis. Ɗaya ya ce zai nemi mashin ya je.

Na ɗaga hannu. Na ce ba sai ya wahala ba, gobe Asabar ni da Baba za mu Manga duba wani sa da ake son sayarwa, zan gaya masa. Kuma Allah ya sani, lokacin da na ɗaga hannun nan da niyyar faɗa na ɗaga shi. Ko dai haka nake gaya wa kaina.

Asabar da hantsi na goya Baba a mashin muka tafi. Aka duba sa, Baba ya buɗe masa baki, ya matsa tozonsa, ya ce zai yi shawara. Na tambayi gonar surukin abokin karatuna, wani ya nuna mana da baki, can gindin dutse. Baba ya ce mu je tare, ya miƙe ƙafa.

Tun daga nesa Baba ya rage tafiya. Dawa ta yi kore shar, kuyyoyin sun miƙe sambal, ba ciyawa ko ɗaya a inda aka wuce. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai! Wa ya yi wanga aiki? Wanga ai ba noma ba ne, ɗinki ne."

Sai ga shi ya ɗago daga cikin dawa, ba riga, gumi na tsiyaya, laka har gwiwa. Ya gan ni ya saki fartanya ya taho da gudu. "Ƙanena! Kai ne a gonarmu?" Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Ya ƙwala wa matarsa kira, ta zo da 'yarsu a goye, ta kawo ruwa a ƙwarya da gasasshiyar masara. Muka zauna a inuwar wata ɗorawa. A reshen ɗorawar na ga leda a rataye, a cikinta littafin kemistiri da biro. Ya ga ina kallo ya ce in rana ta take yakan zauna ya yi kuyyoyinsa na takarda kafin ya koma na ƙasa.

Baba ya tambaye shi ko karatu ɗaya muke yi. Ya ce eh, shi ma sashen dabbobi yake nema, don shanun noman ƙauyensu na mutuwa ba mai dubawa. Baba ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallonsa. Na san kallon. Irin wanda yake yi wa bijimin da ya yanke shawarar saya ne. Ni bai taɓa yi mini shi ba, ko ranar da na kawo sakamakon sakandare.

Saƙon yana bakina. Kalma nawa ce? An matso da gwaji, Litinin ne. Na buɗe baki, sai na cusa masara.

Da muka miƙe ya rako mu har bakin hanya. Baba ya yi gaba. Ya riƙe hannuna da hannun nan nasa mai kanta.

"Jiya an yi wani abu a aji? Malama ya ba da aiki?"

Na ce, "Ba komai. Bita kawai aka yi."

Ya ce madalla, ya gode, in gaida Inna. Matarsa ta biyo mu da masara cikin leda ta ce a kai gida. Na karɓa. Har da cewa Allah ya saka.

A hanya Baba sai maganar gonar yake a bayana, iska na kwashe rabi. Ni kuwa lissafi nake. In ya faɗi wannan gwajin, gurbi ɗaya ya ragu da mai nema. Ban ji kunya ba a lokacin, gaskiya. Daɗi na ji, wani irin daɗi mai ɗaci. Daga yammacin nan har wayewar Litinin ban ajiye littafi ba sai don salla. Na haddace duk abin da ke haddatuwa.

Litinin takwas saura, an jera kujeru nesa da juna, kowa ya ajiye jaka a waje. Sai ga shi a kan keke, ƙafar wandonsa da laka, ko gidan kawunsa bai biya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yadda aka jera kujerun. Ɗaya daga 'yan ƙungiyarsa ya raɗa masa wani abu, ya nuna ni. Ya juyo ya kalle ni. Sau ɗaya. Ba harara ba ce, da ma harara ce. Kallon mutum ne da ya taka wani abu a hanya yana son ya ga mene ne.

Malama ta ce, "Saƙona ya same ka?"

Na sunkuyar da kai. Na ce a raina yau na shiga uku.

Ya ce, "Na shirya, Malama."

Ya zauna, ya ciro bironsa daga ledar nan.

Tambayoyin ba wadda ta fito yadda na haddace ta. Duk abin da muka yi ne, amma an juya shi, an ba ka ƙarshe ana neman farko, an sauya ma'auni a tsakiya. Irin abin da sai hannunka ya saba kafin ya bi. Na san hanyar, ina ganinta, amma kowane mataki sai na tsaya na yi tunani, lokaci kuma ba ya jira. Gumi ya jiƙa mini takarda. Daga inda nake ina hango bayansa. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba. Yana gama ɗaya ya shiga ta gaba, kamar dai yadda na gan shi a cikin dawa. Da aka ce a ajiye biro saura mini tambaya biyu ban taɓa ba.

Shi ya zo na ɗaya. Ni ina tsakiya, cikin jama'a, inda ban taɓa zama ba.

Na yi ta jira ya tona ni, ko ya tare ni ya zage ni, in samu in rama. Bai yi ba. 'Yan ƙungiyarsa suka daina gaishe ni, shi kuwa bai daina ba. Sai dai "ƙanena" ta ɓace, ya koma ce mini "Malam". Ana saura wata ɗaya babbar jarrabawa na kama tambayoyi goma a kullum, da gaske wannan karon, ni kaɗai a ɗaki. Sun taimaka, na yi abin kirki. Amma wata ɗaya ba ya cike ramin wata huɗu, gwaji na uku kuma ya riga ya ja ni ƙasa.

Ranar da aka liƙa sunayen sashen lafiyar dabbobi, na karanta daga sama har ƙasa, na sake daga ƙasa har sama. Sunansa ne na farko. Nawa yana wata takardar, ta sashen da ban nema ba. Na gan shi can mutane sun kewaye shi suna ɗaga shi sama, yana ta roƙon su sauke shi. Na bi ta bayan gini na fita, da ƙafa na tafi har Rikoto, don ban son ko ɗan acaɓa ya yi mini magana.

Na tarar da Baba a bayan gida yana dama wa shanu dusa da kanwa. Na tsaya a bayansa. Na shirya wa faɗa, na ma shirya wa mari. Na shirya abin da zan ce game da Malama da son kai.

"An liƙa?" ya ce, bai juyo ba.

"An liƙa, Baba."

"To?"

"Ban samu ba. An tura ni wani sashe."

Ya ci gaba da damawa. Ya ɗauki bokitin ya zuba wa jan san, ya tsaya yana kallon yadda yake ci. Sannan ya ɗauraye hannu, ya goge a jikin rigarsa.

"Shi yaron nan na Manga hwa? Mai gonar nan?"

Na ce, "Ya samu. Shi ne na ɗaya."

Wallahi fuskarsa sai ta washe. Bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

"Alhamdu lillahi. Ai na sani. To, ka riƙe shi da kyau, ka jiya? Irin wanga in an kira shi da sahe, da sahe zai zo."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓallai, wadda aka ɗaure murfinta da roba, ya miƙo mini. Ya ce in sa masa lambar tun yanzu, kafin ya gama karatu mutane su yi masa yawa. Na karɓa. Na ciro lambar daga wayata, na danna ta ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta nemi suna. Na ce da wane suna zan ajiye.

Ya kalle ni kamar na yi tambayar banza.

"Rubuta Likita mana."

Na rubuta, na miƙa masa. Ya mayar aljihu, ya ce in ɗauko ɗayan bokitin, farin san bai ci ba tukuna.